Yatsun Mai Wankin Inji

Tsumma ɗan kawuna ne, ni kuma ɗan gwaggonsa, don haka duk abin da zan faɗa a kansa da izinina tun daga haihuwa. In bai ji daɗi ba ya kai ƙara gun kakarmu, ita kuwa ta daɗe da rasuwa. Ya girme ni da wata bakwai, kuma watannin nan bakwai ya riƙe su gam kamar takardar fili. Ko ruwa zan sha a gabansa sai ya tuna mini.

Sana'arsa wankin inji. Ban ce wankin mota ba, kuma kada ka kuskura ka ce haka a gabansa, sai in kana so ya raka ka har gida yana yi maka bayani. Masu wankin mota, in ji shi, wasan kumfa suke yi. Shi bonet yake ɗagawa ya zura rabin jikinsa ciki, can inda giris da baƙin mai da ƙura suka shekara ashirin suna zumunci, ya raba su ba sulhu. Sunan kuwa ya samo shi daga tsumman da ba ya barin kafaɗarsa. Ranar aurensa ni da hannuna na zaro guda daga cikin sabuwar rigarsa, bayan an watse na ga ashe akwai wani a aljihu.

Tun yana ƙarami bai san zama ba. Matar kawu ta ce ranar da ta haife shi, kafin ungozoma ta ajiye jakarta ya riga ya iso yana dube-dube. Yana shekara shida ya samu tukunyar uwarsa a bayan ɗaki, ya ɗauko karyayyen cokali ya yi ta kankare baƙin gindinta har ya hango rana ta ciki. Aka yi masa duka, ya yi kuka, yana share hawaye ya tambaya ina ɗaya tukunyar. A makaranta shekara biyu ya yi, ni na yi biyar da rabi. Shi ya sa yake kirana Rabin Boko, kuma duk takardar da ta shigo gidansa ni ake aika wa in zo in karanta.

Da aka kai shi gareji koyon kanikanci, sai aka fara da shi inda ake fara kowa, wato daron kalanzir da burushi. Kowane mai koyo ɗokinsa ya bar daron nan ya kama sifana. Tsumma ya ƙi bari. Maigidansa ya yi ya yi, ran nan ya miƙa masa sifana ya ce, "Ungo, ka girma." Tsumma ya karɓa, ya jujjuya ta, ya wanke ta tas, ya mayar masa. Yau shekara talatin yana bakin daron nan, daron ne dai aka sauya sau huɗu.

Amma in ka tsaya ka kalle shi yana aiki, za ka yarda akwai ilmi a ciki. Ba ya taɓa inji da zafi, ba ya taɓa shi ya huce ƙalau, sai yana da ɗumi kamar goshin mai lafiya. Ya cire kan batir. Ya ɗaure kafireta da duk inda wayoyin wuta suka taru da leda. Ya baza garin katako a ƙasa don ya tsotse abin da zai zuba. Sannan ya zaro 'yan itatuwansa da ya feƙe da kansa, masu faɗi da masu tsini, don ya ce in ka kankare inji da ƙarfe sai ka bar masa tabo. Daga sama yake farowa ya gangaro. Kalanzir da burushin fenti, lungu-lungu kuma tsohon burushin haƙori, daga ƙarshe ruwan ɗumi da garin sabulu, shi ma da kofi yake zubawa ba da bokiti ba.

Abin da ya sa kanikawa suke rububinsa kuwa yatsunsa ne. Kafin ya kankare ko'ina sai ya shafa. Maiƙon da ya bushe ya yi ɓawo, ya ce wannan tsohon labari ne, an daɗe da toshe shi. Wanda yake da danshi kuwa sai ya bi shi da yatsa a hankali, ido a rufe, baki a buɗe, har ya kai inda man yake fitowa. Tsagar da ba ta kai kaurin gashi ba, wadda ko da tocila ba ka gani, shi sai ya ji ta. An sha ba shi safar hannu. Sau ɗaya ya sa, ya cire ya yi jifa da ita, ya ce kamar a ɗaure maka harshe a leda ne a ce ɗanɗana gishiri.

Matarsa tela ce, da kekenta a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, 'ya'yansu uku. Ni matarmu nake ce mata, ita kuma ta ce Allah ya kiyaye. Shekara goma sha takwas tana zaune da warin kalanzir, har ta ce in ta shiga ɗaki mai ƙamshi ciwon kai take yi. Amma a 'yan shekarun nan ta fara lura da yadda yake tashi daga tsugunne. Sai ya dafa taya, ya dafa gwiwa, ya yi wata 'yar ƙara da yake cewa tari ne. Aikin gareji kuwa ranar da ka fito ita ce taka, ranar da ka kwanta ba wanda ya san ka. Wannan tunanin ne ya hana ta sukuni.

Ana haka sai wani kamfanin manyan motocin fasinja ya buɗe wurin gyara, yana neman masu wankin inji mutum biyu. Aiki na dindindin, ƙarƙashin rufi, da ramin da mutum zai tsaya a miƙe ya yi aikinsa ba tsugunno, da katin asibiti har na iyali. Ba sa ɗaukar wanda ya wuce arba'in da biyar, Tsumma kuwa wata huɗu ya rage masa ya wuce. Shugaban wurin gyaran ya zo gareji da kansa ya ga aikinsa, ya ce magana ta ƙare. Abin da ya rage kawai ya je ofis a ɗauki hoton yatsa a yi masa katin ma'aikata kafin ƙarshen wata, ranar da za a rufe rajista. Matarmu ta goge masa riga har sau biyu. Ni na raka shi, a matsayina na mai ilmin dangi.

Ɗaki ne mai sanyi, da dogon benci, da wata malama mai tabarau a bayan tebur. A gabanta akwai na'ura mai gilashi da haske a ciki.

Ta ce, "Baba, ɗora babban yatsanka na dama a nan."

Tsumma ya waiga ya ga wane ne Baban. Da ya gane shi ake nufi, ya haɗe rai ya ɗora. Na'ura ta yi ƙyaf-ƙyaf ta kawo jar wuta.

"Danna sosai."

Ya danna har tebur ya yi kuka. Ja.

"Goga shi a rigarka." Ja. "Hura masa iska." Ja.

Malama ta kamo yatsan ta juya shi, ta cire tabarau, ta mayar. "Ikon Allah. Baba, yatsan nan naka sumul yake kamar bayan cokali, ko layi ɗaya babu. Me kake yi da shi?"

"Aiki."

"Wane irin aiki?"

Na ce, "Malama, shekara talatin yana jiƙa shi a kalanzir. Ko sata ya yi ba mai kama shi, sai dai a bi wari."

Ba ta yi dariya ba, wannan ya nuna mini ba ta da zumunci. Ta ce masa, "Ba kai ne na farko ba, magina da masu wanki haka suke zuwa mini. Ka je ka huta da hannun nan. Kada ya taɓa kalanzir, ko fetur, ko sabulu mai ƙarfi, ka riƙa shafa mai. Sati uku zuwa huɗu layukan za su dawo. Ka bari sai ranar ƙarshe ka zo, ka ba su lokaci. In na'ura ba ta karɓa ba ranar, ni kam ba abin da zan iya yi maka. Na gaba!"

Matarmu ba ta yi wasa ba. Ta sayo basilin babbar kwalba ta lafta masa, ta zura masa safar ƙafa ta yara a hannu biyu, ta ɗaure da zare a wuyan hannu. Ɗaya ja, ɗaya mai hoton agwagwa. Da na zo dubiya na yi dariya har sai da aka ba ni ruwa.

Ranar farko ya zaga tsakar gida sau ɗari huɗu, babbar 'yarsa ce ta ƙirga, a nan ta gaji ta bari. Rana ta biyu ya sauya wa kujeru zama, ya mayar da su, ya sake sauyawa. Rana ta uku aka kama shi a bayan ɗaki yana goge murfin tukunya da gwiwar hannu. Ya koyi buɗe ƙofa da haɓa. Sai ya zauna ya miƙe, ya leƙa waje ya dawo, ya tambayi ƙarfe nawa, a gaya masa, ya ce ƙarya ne agogon ya tsaya. Kazar gidan ta jure sati ɗaya, sannan ta kwashe 'ya'yanta ta koma maƙwabta. Ina zaune ran nan ya je ya tsaya a kan matarsa tana ɗinki, ya ƙura wa keken ido.

"Akwai datti a ƙarƙashin allurar nan."

"Na gani."

"Mai ya daskare a jikin wilin, shi ya sa yake nauyi."

"Baban yara, wallahi in ka taɓa mini keke da safar nan sai na haɗa ka da katifa na ɗinke."

Ya juyo kaina. "Kai kuma me kake wa dariya? Na girme ka fa."

Amma abin yana ci. Ranar kwana goma sha tara aka kwance safa aka fito da hannu cikin rana, sai ga layuka siri-siri sun fara tasowa a yatsun nan duka goma. Matarmu ta riƙe hannun tana kallo kamar an miƙo mata jika. Aka mayar da safa. Saura kwana tara.

A ranar ne da hantsi aka janyo wata tsohuwar a-kori-kura da igiya zuwa gareji. Garejin a ƙarshen layinsu yake, daga ƙofar gida kana hango shi. Motar ta wani dattijo ce mai dakon katako. Baƙin mai take zubarwa, a cika da safe, kafin azahar ya tsiyaye. Kanikawa uku sun taɓa ta ba wanda ya gano inda yake fita, don ba ma a ganin injin, balle yoyonsa. Na je na gani da idona, kuma laifina na farko ke nan, na dawo na ba Tsumma labari.

Na ce, "Ɗan kawu, yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Maiƙo kaurin katifa. Ba ka ganin ƙarfe ko na rantsuwa, sai ka ce tudun ƙasa aka ɗora a gaban mota. An ce tun da aka ƙera ta ruwa bai taɓa shiga wurin ba. Har ciyawa na gani ta tsiro a gefe."

Hancinsa ya buɗe. Ya ce zai je ya gaida maigareji ne kawai, ya goye hannuwa a baya da safarsu ya fita, ni ina binsa a guje.

Muka tarar maigareji ya kira wani mai feshi, wanda yake riƙe wurin tun da Tsumma ya kwanta hutu, mutum mai injin ruwa da dogon tiyo. Har ya kunna ya saita bakin tiyon.

Tsumma ya daka tsawa, "Kai! Me za ka yi?"

"Wanki, Yaya."

"Ba leda? Ba ka cire batir ba? In ka watsa ruwan nan ka share sawun man gaba ɗaya, ta ina za a bi a gane inda yake fita? Ka cika masa ciki da ruwa, gobe a ce ya mutu!"

Maigareji ya ce, "To ya zan yi? Kai ka zama ɗan hutu, hannu a agwagwa. In an wanke ban ga komai ba, cewa zan yi jikin injin ne ya tsage, a kira masu sayen tsohon ƙarfe."

Dattijon yana zaune a kan taya, hula a gwiwa. Ya ce, "Ɗana, motar nan ita ce ƙafata. In ta tsage a gaya mini in haƙura. In ba ta tsage ba, kada a binne mini ita da rai. Wanda nake wa dako kwana huɗu ya ba ni, in ban fito ba ya ba wani."

Tsumma ya zaga motar sau uku. Ya sunkuya ya shinshina. Na ga safar agwagwa ta taso da kanta za ta shafa, ya janye ta da ƙyar. Ya ce, "Kada wanda ya taɓa ta sai gobe da safe."

A gida ya zaunar da mu, shi yana tsaye.

"Rabin Boko, wane yatsa matar nan ta ce in ɗora?"

"Babba na dama."

"Ta nemi wani?"

"Ba ta nema ba."

"Duk takardar da na taɓa dangwala wa hannu a duniya, da wanne na yi?"

"Da shi."

"To. Shi zai ci gaba da hutu. Sauran taran su koma bakin aiki."

Matarmu ta tsayar da keke. "Hannu ta ce ka huta da shi. Ba ta ce yatsa ba."

Nan na gyara zama, don an zo fagena. Na ce, "Matarmu, a ilmance babban yatsa shi ne shugaban yatsu. In ya amince, sauran ba sai an tambaye su ba. Haka tsarin yake a ko'ina."

"Ka tabbata?"

"Ni fa na yi aji biyar da rabi."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ka tabbata?"

Na ce na tabbata. Kuma Allah ya sani ba tsokana nake ba, har cikin raina haka na ɗauka.

Ta daɗe tana kallon mijinta, wanda a lokacin yake taka ƙafa ɗaya ya ɗaga ɗaya kamar mai tsaye a kan garwashi. Ta tashi ta ɗauko wata tsohuwar jakar fata ta yanka, ta yi wa cikin shimfiɗar auduga, ta ɗinka wa yatsan 'yar riga daidai shi. Ta cika ta da basilin, ta zura, ta naɗe da leda, ta ɗaure da igiya har wuyan hannu. Ta ce, "In ɗigo ɗaya ya shiga, kada ka dawo mini gida."

Kwana uku ya yi a kan injin nan, kuma ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na kwanakin ba. Yatsu tara suna cikin maiƙo, na goma yana tsaye a sama cikin rigarsa, har masu wucewa suka riƙa ɗaga masa nasu suna amsawa. Ranar farko kankara kawai ya yi. Ɓawon maiƙo yana faɗowa gunduwa-gunduwa, ya cika bokiti biyu da rabi. A ciki muka tsinci noti bakwai, murfin biro, ƙasusuwan ƙadangare a jere ba wanda ya ɓata, da wata sifana da maigareji ya rantse tasa ce tun yana saurayi. Rana ta biyu kalanzir da burushi, lungu bayan lungu, yana yi yana yi wa injin magana: "Wa ya yi maka haka? Ba ka da dangi ne?" Abinci ma a tsaye ya ci, ni nake riƙe masa kwano. Da ya zo tashi daga ƙarƙashin motar na ji 'yar ƙarar nan da yake kira tari, sau biyu a jere, na yi kamar ban ji ba.

Rana ta uku ya wanke da ruwan ɗumi, ya goge, ya sa aka zuba mai aka tayar na minti biyu aka kashe. Ya zura hannun hagu can bayan injin, inda ido ba ya kaiwa, ya rufe ido ya buɗe baki. Gareji ya yi tsit, har mai walda ya ɗaga gilashinsa. Can sai ya ce, "Ga ka nan, munafuki." Wani siririn bututun mai ne ya daɗe yana goga da ƙarfe har ya huje, hudar ba ta kai ta allura ba. Ƙaramin yatsansa ne ya ji ta. Jikin injin lafiyarsa ƙalau. Maigareji ya sauya bututun kafin shayinsa ya huce.

Dattijon ya leƙa cikin bonet ya daɗe, sannan ya ce, "Ashe injin kore ne! Wallahi na manta kore ne." Ya kama hannun Tsumma da maiƙonsa da komai yana ta sa albarka, ya tayar da motarsa ya tafi ɗaukar katako.

Yatsu tara suka dawo sumul, har da tsattsagewa a gefe. Ba wanda ya damu. Na goman ake ta lallaɓawa, ana kwance shi safe da yamma a duba a mayar. Layukansa suka fito raɗau, ka ce da biro aka zana.

Ranar ƙarshen wata muka koma ofis. Layi har waje, Tsumma ya fita ya dawo ya fi sau ashirin kafin a zo kansa. Ya kwance yatsan a gaban malama a hankali, ya ɗora. Na'ura ta kawo koriyar wuta nan take.

Malama ta yi murmushi. "Ka gani ko, Baba? Ya yi kyau sosai. To, kawo na hagu."

Tsumma ya dube ni. Ni kuma na dubi silin.

"Na hagu kuma?"

"Babban na hagu. Sannan huɗun dama a haɗe, sannan huɗun hagu. Goma ake ɗauka, in an samu shida masu kyau na'ura tana wucewa."

"Ran nan ai guda ɗaya kika nema."

"Da shi ake farawa, Baba. Da ya ƙi, me zan ci gaba da nema?"

Ya ɗora na hagu. Ja. Ya ɗora huɗun dama. Ja. Malama ta kamo hannun ta duba, ta shinshina, ta sake shi. "Kalanzir ne wannan. Ba hannu na ce ka huta da shi ba?"

Na ce, "Malama, a duba lamarin. Guda ɗayan nan ai ya kai shida kyau. Ba za a ɗora shi sau shida ba?"

Ta ce, "Kai wane ne nasa?"

"Ɗan gwaggonsa."

"To ɗan gwaggo, koma benci."

A gaskiya matar nan ta yi ƙoƙari, na janye maganar da na yi a kanta. Ta sa ya goga yatsun a goshi, ta ɗiga musu ruwa, ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta danna masa da hannunta ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin na dama ya so ya kama, ya fasa. Mutanen layi suka fara tsaki. Ta kira shugaban wurin gyaran a waya, muna ji yana cewa ƙarfe huɗu sunaye suke tafiya babban ofis, wanda ba shi da kati ba shi da suna, sai dai a jira ɗauka ta baɗi. Baɗi kuwa Tsumma ya wuce shekarun. Malama ta ajiye wayar ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba." Wannan karon bai waiga neman Baban ba.

Da muka fito ya kama tafiya da sauri, ina binsa ina haki. Da muka shigo layinsu sai saurin ya ragu. Ya wuce ƙofar gidansa kamar bai san ta ba, ya kai ƙarshen layi, ya juyo, ya sake wucewa. A karo na uku ya ce, "Shiga ka fara gaya mata."

"Ni? Kai ne babba, da wata bakwai."

Ba mu gama ba sai ga ta a bakin ƙofa, da almakashi a hannu, ashe tun wucewar farko ta hango mu. Na koma bayan Tsumma saboda almakashin.

Ta ce, "Nawa suka nema?"

"Goma."

"Nawa ka kai musu?"

"Ɗaya."

Ta dube ni. Na sha kallo a rayuwata, amma wannan sai da na ji shi a ƙashin baya. Ta ce, "Kai, kama hanyar gidanku." Ba wasa a muryar.

Tsumma ya ce, "Ƙyale shi. Ba laifinsa ba ne. Ko da ya ce goma ne, da na je."

Ta dubi almakashin, ta dubi hannuwansa. "Na sani," in ji ta. "Tun da ka shigo da maganar na san ka riga ka tafi. Cewa na yi ko guda ɗaya in tsira da shi." Ta juya ta shige. Muna tsaye muka ji keke ya tashi da ƙarfi, yana gudu ba tsayawa, gudun da ba a yi in akwai yadi a ƙarƙashin allura. Tsumma ya daɗe a bakin ƙofa, ya sa ƙafa ya janye, ya sake sawa, sannan ya bi ta ciki. Ni na kama hanyar gidanmu kamar yadda aka umarce ni, kuma wata biyu cur ban ga cikin gidan nan ba.

Washegari ya koma gareji. Kamfani ya ɗauki mutum biyu, ɗaya daga cikinsu mai feshin nan ne, yatsunsa goma garau, don tiyo ba ya cin fata. Matarmu ta fara karɓar ɗinkin kayan makaranta, abin da a da take ƙi saboda yana cin ido, tana yi tana mita.

Mai feshin yanzu duk ranar hutunsa sai ya zo gareji da rigar kamfani, ya tsuguna gefen Tsumma yana tambaya, don an ba shi manyan injuna ya rasa ta inda zai kama. Tsumma ya ce ba zai koya masa komai ba, ya je kamfaninsu ya koya masa. Sai mutumin ya tashi ya kama hanya, ya kusa shan kwana, ka ji Tsumma ya ajiye burushi ya bi shi da gudu yana ɗingishi yana ihu a tsakiyar titi: "Kai! Da ɗumi ake taɓa shi, ba da zafi ba! Ka ji ko? Kuma ka fara shafawa kafin ka kankare! Tsaya mana, ina magana kana tafiya!"